Tagar da Ta Leƙa Gidan Alhaji

Masu ba da kuɗin gina ɗakin karatu a Rurum Sabon Gari sun kafa sharaɗi: sai hasken rana ya wadaci ɗakin ba tare da fitila ba, sannan za a ba ginin takardar shaida. Ni ne mai zanen. Na zuba komai a kwamfuta, ta lissafa tafiyar rana ta shekara guda, ta nuna mini ɗakin fes, muddin na buɗe ƙatuwar taga ta arewa.

Malam Sule magini ya dubi zanen ya ce, "Injiniya, tagar nan fa tsakar gidan Alhaji Bala take kallo. Akwai iyali."

Na juya masa kwamfutar na ce, "Malam, ka ga wani Alhaji a nan?"

Ya duba da kyau, ya ce bai gani ba.

Alhaji bai yi faɗa ba, har sannu da aiki ya zo ya yi mana. Ana saura mako guda mai duba ginin ta zo, ya sayo bulo ya ɗaga katangarsa har ta wuce rufinmu.

Da rana tsaka matar ta shiga da na'urar auna haske. Sai da ta kunna fitilar wayarta kafin ta iya karanta na'urar. Ba mu sami takardar ba.

Har yau duk inda na haɗu da Malam Sule, ko wurin ɗaurin aure ne, bayan gaisuwa sai ya rage murya ya ce, "Injiniya, an dai sa Alhaji a kwamfutar yanzu ko?"