Hannun Mahaifiyata da Babi na Shida

Zuwa ga masu girma shugabannin Gidauniyar Marigayi Dakta Sobir Ernazarov, likitan ƙwaƙwalwa, uban iyayen ƙasa,

Bayan gaisuwa irin ta almajiri ga magajin malaminsa, na ji za ku kafa wa Dakta mutum-mutumi a nan Namangan. Madalla. Ina da 'yan ƙorafe-ƙorafe, ko da yake wataƙila ni ne ban fahimci karatun ba.

Na ɗaya. Babi na shida na littafin Dakta kan renon yara ya hana babba ɗura wa yaro loma da hannu, wai yana kashe masa 'yanci. Na bi. Ranar Alhamis mahaifiyata ta dunƙula shinkafar osh ta nufi bakin ɗiyata Mohira, yadda tsofaffinmu ke yi don sa albarka, sai na riƙe mata hannu. Ta ce, "Davron, wannan hannun da ya wanke maka kashi shi ne yau ya zama guba?" Ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye. Wane babi ne ke dawo da uwa?

Na biyu. Dakta ya ce a tambayi yaro yadda yake ji. Na tambayi Mohira. Ta ce, "Ina jin ka kori kakata." Tun ranar shayi kawai take sha. 'Yanci kam ya samu, har haƙarƙarinta ya fito yana shan iska.

Na uku. A taronku na ji ɗan marigayi yana hawaye, yana cewa kakarsa ce ta raine shi a ƙauye, don Dakta kullum yana gidan rediyo. Ashe a kan 'ya'yanmu aka gwada maganin? Mun gode da wannan karramawa.

Jiya na kai Mohira ƙauye don in ba da haƙuri, da littafin a aljihu ko gardama za ta taso. Oyi, wato mahaifiyata, ta ciyar da yarinyar, sannan ta dunƙula wata lomar ta ce, "Buɗe, sakarai." Shekarata arba'in da uku. Na buɗe.

Ta ce za ta dawo. Ina roƙon ku taimaka ku sanar da ni ko 'yancina ya mutu, don ni dai ƙoshi kawai nake ji.

Naku mai biyayya har babi na biyar,
Davron Hakimov