Yatsun Zinariya Ya Tafi Paris

Duk wanda ya ce bai san Moutari Yatsun Zinariya ba, to ba a taɓa gayyatarsa biki a Lyon ba, sai mu yi masa jaje. Allah ya yi makaɗa da yawa, amma Moutari ɗaya ya yi, kuma shi da kansa yake tuna mana don kada mu manta. Daga unguwar Guillotière har Bron, babu amaryar da ta isa ta shiga zauren biki sai ya kafa fiyanonsa, ya jona waya, ya danna maɓalli. Da ya danna, ganguna su kama, kalangu ya shigo, sarewa ta biyo baya, duk daga cikin akwatin. Shi kuwa gwanin sai ya ɗora yatsu biyu na dama, hannun hagu yana sama yana yi wa hajiyoyi kirari. Mu jahilai mun ɗauka injin ne ke aiki. Ashe baiwa ce, in ji shi.

Nadia ce ta tayar masa da hankali, 'yar Alhaji Mika'il mai shagon atamfa da turare. Yana sonta, ita ma ba ta ƙi ba. Amma da aka kai wa Alhaji maganar, sai ya ce shi bai ga sana'a a nan ba, danna maɓalli ai kowa ya iya. Maganar ta ƙona Moutari ƙwarai. Washegari ya tsaya a ƙofar shagon, ya gyara murya.

"Alhaji, avec tout mon respect, ni ba makaɗi ba ne, artiste ne. Paris za ni, babbar makarantar kiɗa, conservatoire, inda ɗiyan Turawa ke kuka in an ƙi su. In sun ɗauke ni, mi za ka ce?"

Alhaji ya ce in sun ɗauke shi, ya turo manyansa. Ya ƙara da cewa yana da kayan ɗauka a Bobigny, dab da Paris, a makon da za a yi gwajin shiga makarantar, zai biya ya gani da idonsa.

Sai shiri, kuma ba mu taɓa ganin shiri irin wannan ba. Ya sayo baƙar kwat mai wutsiya. Ya tara suma. Ya daina gaisawa da hannu, sai dai ya miƙo gwiwar hannu, wai kada a murɗe dukiyar ƙasa. Tuwo ma da cokali yake ci, kuma da safar hannu yake shiga taram, jirgin cikin gari, ana tsakiyar zafi. Aka ba shi shawarar neman malama, ya yarda, amma ita za ta zo, don babba ba ya bin gidaje. Madame Cécile, wata tsohuwa mai haƙuri, ta hau bene har ɗakinsa. Ta buɗe masa littafin kiɗa, ya leƙa ya ce wannan na masu mantuwa ne. Ta ce ya kashe gangunan ta ji hannunsa kawai. Nan take ya gano hassada ce ke damunta, ya raka ta ƙofa.

Ranar gwaji ya isa Paris yana ƙamshin turaren da ya shafe hannuwansa da shi har yana maiƙo. A zagayen farko ana sauraron duk wanda ya yi rajista, kuma an bar 'yan kallo su zauna a baya. Can Alhaji ya zauna da carbinsa. Moutari ya shigo, ya nufi alƙalai uku, ya tambaye su iyali, da gajiya, da zafi, ɗaya bayan ɗaya. Suka nuna masa fiyano.

Baƙi ne wuluk, ya fi gadon amarya tsawo. Moutari ya zagaya shi yana neman maɓalli, bai gani ba. Ya sake zagayawa. Ya durƙusa, wutsiyar kwat tana sharar ƙasa, ya shige ƙarƙashi yana laluben wayar wuta.

"Pardon, wa ya cire prise?"

Wata daga cikin alƙalan ta ce masa wannan ba ya amfani da wuta.

"A Paris? Makaranta kamar wagga, ba courant? C'est grave!"

Ya zauna dai, ya ɗora yatsun nan biyu masu daraja. Tin. Tin. Ya jira ganguna, ba su zo ba. Kalangu ma shiru. A gaskiya na tausaya masa a nan, don gumi ya fara bin wuyan kwat. Amma gwani ba ya rasa dabara. Ya hango sunan alƙalin tsakiya a kan tebur, ya ɗaga hannun hagu, ya buɗe murya.

"Monsieur André, mai gemun azurfa! Giwar Paris, uban marayu! Ka fi préfet, ka fi minista!"

Tsohon ya miƙe a hankali, ya sa hannu a aljihu, ya nufo shi. Zuciyar Moutari ta yi sanyi, don ya san ma'anar babban mutum ya taso da hannu a aljihu. Ya saci kallon Alhaji, ya lumshe ido, ya miƙa goshi yana jiran liƙi. Monsieur André ya zaro hankici, ya roƙe shi ya ɗan matsa, ya goge maiƙon turare daga kan fiyanon tas, sannan ya kira na gaba. Ko kafin Moutari ya buɗe ido sosai, Alhaji ya tafi ɗaukar kayansa.

Da ya dawo Lyon ya sanar da mu cewa Paris ta ci baya, shi ne ya ƙi su. Nadia ta yi kuka, sai babanta ya kwatanta mata shiga ƙarƙashin fiyano, kukan ya koma dariya har da riƙe ciki. Bayan Sallah ta zaɓi wani direban taram daga Bron. Don ya nuna girmansa, Moutari ya aika cewa zai yi kiɗan bikin kyauta. Alhaji ya yi godiya, ya ce kada ya wahalar da yatsunsa. Ranar bikin Safi, ƙanwar amarya, ta jona wayarta da lasifika, aka yi rawa har ƙafa ta yi ciwo, kuma babu wanda ya lura an rasa wani abu.