Yadda Ake Zare Takobi Irin na Tokuji Mai Awara

Ciwon 'yan zamani shi ne son a gani, da ƙyamar duk aikin da ba a tafa masa. Kai mai wannan ciwo, matso. Bi matakan nan yadda Tokuji mai awara ya bi su, na yi maka alkawari garin nan ba zai manta da kai ba.

1. Nemi ranar taro.
Malam Shirakawa ya tsufa, gwiwa ta ƙi. Ya ce ranar bikin kaka, a farfajiyar wurin bauta, zai zaɓi wanda zai riƙe masa makarantar takobi. Tun daga jin haka, ko awara Tokuji zai yanka sai ya gyara tsayuwa ya zare ido.

2. Raina takobin koyo.
Marar kaifi na yara ne. Sauko da na kakanka. Fumie, matar Tokuji, ta ce, "Maigida, abin nan ya girme ka, kai a duba maka shi." Ya ce mata takobi ba tukunya ba ne.

3. Kada ka taɓa ƙusar gora.
Ita ce ɗan tsinken da ke riƙe ƙarfen takobi a cikin ƙota. Malam kan sa kowa ya latsa ta kafin a fara, amma wa ka taɓa ji an yi wa tafi don ya duba ƙusa? Ba da lokacin ga gugar wando, kowane ninki ya miƙe.

4. Durƙusa, ɗaure fuska, fizge.
Tokuji ya fizga da ƙarfin da ya tara tun bazara. Ƙusa ta karye, ƙarfe ya yi sama, ya wuce kan shugaban unguwa, ya lume a babbar gangar biki. Shi kuwa ya ji hannunsa ya yi sakayau, ya ce a ransa yau ƙwarewa ta sauko.

5. Kada ka kalli hannunka.
Wannan dokar gaske ce: ido na kan abokin gaba, ko da iska ce. Ya bi ta sau da ƙafa. Ya sare iska da ƙota, ya yarfe jinin da babu, ya mayar kube a hankali, ya sunkuya har ƙasa yana jiran tafi. Mai ganga ne kawai ke motsi, yana lalube ko kunnensa na nan.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, zamanka ya yi kyau. Tashi ka karɓo sauran takobin wurin mai ganga."

Ga asarar da ya tafka: makaranta ta koma hannun wani ma'aikacin gidan waya mai sanyin jiki, tsinin takobin kakansa ya ɓalle, fatar ganga ta yage, Fumie ta kulle ƙotar a akwati. Wuƙar awara ma yanzu ita ke riƙewa.

In ka bi maganata ka huda ganga ko mai ganga, ban san ka ba, ban taɓa sayen awararka ba.