Yadda Na Share Garin Ƙarfi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na share garin Ƙarfi kakaf ba, da mutanensa da gonakinsa, ina zaune a kan kujera mai juyawa a Funtua. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi. Abin da ya fi ƙona min rai kuma, duk wanda na ba labarin, maimakon ya taya ni jin haushi, sai ya kwashe da dariya.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Ni akawu ne a wani ofishin aikin gona da ke raba wa manoma irin auduga kafin damina ta kankama. Shekara shida ina dukan tafireta a baranda, zufa na ɗiga a kan takarda, sai aka kawo kwamfuta biyu, ɗaya Funtua, ɗaya reshenmu na Malumfashi. Aka ce a gwada ni wata uku a ɗakinta, in na iya, kujerar ta zama tawa. Ɗakin nan shi kaɗai ke da na'urar sanyi a duk ofishin (manaja kansa da fanka yake maleji), saboda haka ka san abin da nake karewa.

Kwamfutar lokacin ba irin ta yanzu ba ce da ake shafawa da yatsa. Baƙin allo ne, da ɗan ɗigo kore yana ƙyafta maka ido. Ka rubuta mata umarni, ka danna, ta aikata. Ba ruwanta da ko kana cikin hankalinka.

Malama Rifkatu, 'yar Malumfashi da ta yi jami'a a Zariya, ita ta rubuta furogiram ɗin da ke buga sunayen manoman da za a ba iri, gari-gari. Duk gyaran da ta yi masa sai ta ba shi lamba. Na bakwai ya zo da muguwar cuta. Injin ba shi da harufanmu masu lanƙwasa, don haka ɗan waƙafi muke sakawa a sama, mu rubuta K'arfi, mu rubuta 'Danjuma. To, na bakwai da ya ga waƙafin nan sai ya tsallake sunan gaba ɗaya. Allah ya taimaka ta gano kafin a aika, ta gyara, na takwas ya fito. Shi Malumfashi ke jira su buga takardun rabon bana.

Ta kuma rubuta wani ɗan umarni, ta sa masa suna FITAR. In ka rubuta FITAR 8, sai ya tambaye ka lambar sau biyu, ya kwafa a faifai, ya duba, sannan ya bugo 'yar takarda mai lamba ka manna a jiki. Ranar da za ta tafi kwas na kwana uku ta tsaya a kaina.

"Malam, don Allah da FITAR za ka fitar da shi. Kada ka sa wa faifai suna. Lamba kawai."

"Malama, je ki abinki," na ce. "Ni da na san COPY kamar sunana?"

Tana fita na ja tsaki. Ni da gemuna, inji zai tsare ni da tambaya sau biyu kamar na zo gaban alƙali? Su kuma lambobin nan, a ganina iyayi ne irin na 'yan jami'a. Bahaushe abu biyu ya sani, sabo da tsoho. Na share FITAR gefe, na kwafi na takwas da hannuna, na kwafi na bakwai a wani faifan don ajiya (ka ji mai tsantseni). Na ɗauki biro na rangaɗa wa ɗaya SABO, ɗayan TSOHO, da manyan baƙaƙe yadda ko makaho zai shafa.

Na leƙa na ce wa direbanmu, Ɗanlami, ya ɗauki faifan da ke kan teburina ya kai wa Malam Tsoho. Malam Tsoho shi ne shugaban reshen Malumfashi. (Na san ka riga ka gano. Ni sai bayan kwana huɗu na gano, don haka ka ƙyale ni.) Na tafi sallar azahar. Da na dawo na ga tebur wayam, na ce ba laifi, ya kwashe duka biyun, ai Malam Tsoho ya iya karatu.

Rana ta huɗu, an kwana ana ruwa, sai ga akori-kura ta shigo ofis maƙare da dattawa, Malam Tsoho a gaba fuska murtuk. Ashe jiya mutanen Ƙarfi sun je Malumfashi da jakuna da amalanke, an yi ta kiran suna tun hantsi har la'asar, kowane gari ya ɗora buhunansa, su ko mutum ɗaya ba a kira ba. Haka kowane Ɗanjuma da Ɗanladi na Gozaki. Manaja ya sa aka tara kowa a gindin darbejiya, aka kirawo ni. Wani tsohon Alhaji mai sanda ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, mu dai tambaya muka zo yi. An ce inji ya ce babu Ƙarfi. To mu nan daga ina muka hito? Ƙasa ta jiƙa, kowa na shuka, mu mi za mu shuka, takarda?"

Na gyara murya na ce laifin direba ne. Wallahi da na sani da na haɗiye harshena.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗanlami, "cewa ya yi in kai wa Malam Tsoho. Na ga suna ɓaro-ɓaro, TSOHO. In kai masa na wani?"

"Ɗayan fa?" manaja ya tambaya.

"Na ba mai shi."

Can aka aika a kira Baba Sabo mai gadi. Ya taho a hankali da faifan na takwas a hannu, ya zura masa zare ta ramin tsakiya, alamar daga jikin ƙusa ya sauko da shi.

"Ni na ɗauka lambar yabo ce," ya ce. "Shekara goma ina gadin nan, na ce yau dai an tuna da ni."

Wurin ya ɓarke. Alhajin nan da ya zo da fushi sai da ya dafa sanda yana share hawaye. Ni ko ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Malama Rifkatu, da ta dawo da safiyar nan, ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ta shiga ɗakin sanyi, ta rubuta FITAR 8, ta amsa sau biyu, ta fito da faifai mai lamba kafin in gama goge zufa. Ta wuce ta gabana ta ce a hankali, "Malam, tambaya biyu ce fa kawai."

Yanzu don Allah ka yi min adalci. Ni na ce a kira ɗan shekara talatin da biyar Tsoho? Ni na ce a kira mai furfura, haƙora huɗu a baki, Sabo? A ofis guda! Amma da na faɗi haka, manaja ya ce tunda ni na share Ƙarfi, ni zan je in maido da ita. Aka ɗora ni da tafiretata a bayan akori-kurar nan, tsakiyar dattawan, aka kai ni siton Ƙarfi. Damina guda na yi a can, babu ko fanka, kuma daga mai gari har mai kitso ba wanda ya san ni da wani suna sai Malam Tsintsiya. Kujerar mai juyawa kuwa, wani ya hau, bai sauka ba har na yi ritaya.

Abin da na koya ɗaya ne: lamba ba ta da takwara. Takwas ba ta gadi, bakwai ba ta shugabancin reshe. Yanzu ko buhun masara zan aika gida, lamba nake sa masa, in sa direba ya maimaita min sau biyu. Da aka haifa min ɗan fari aka sa masa sunan mahaifina, na tara gida na ce a kira shi komai, ban da suna guda. Suka ce to.

Yau shekararsa talatin da wani abu. Tsoho ake ce masa.