Masu Gadin Bakin Rafi

A wani daji akwai tafki mai sanyin ruwa, mazaunin wani kifi mai jan maƙogwaro. Duk ƙarshen bazara kifayen nan sukan taru a bakin rafi, inda ruwa bai kai gwiwa ba, su zuba ƙwai. Bisa al'adar tsuntsayen wurin, ba mai sa baki a ruwan nan sai damina ta sauka. Tsohuwa Zalɓe ce ke gadi, ladanta kifi ɗaya a yini.

Da idonta ya fara rauni, sai ta je gaban majalisa.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Kada, shugaban zama, "na tsufa. Jiya wani ya ɗauke kifi a gabana, ƙarar ruwa kawai na ji. A ba ni mataimaki ɗaya mai ido, kada ƙwan bana ya salwanta."

Kwasakwasa ya miƙe, jakar wuyansa tana rawa. "Haba Iya, ɗaya? Abincin jikokinmu ne fa! Ni da ƙannena mun ba da kanmu."

"Kai da ko kwaɗo ba ya wuce ka?" in ji Balbela. "To, a sa ni, in sa maka ido."

Shamuwa ta ce ba za a yi gadi babu danginta ba. Kada ya saurari kowa, don ba ya son ɓata wa kowa rai. Kafin la'asar duk mai baki ya zama mai gadi, kowa da ladansa kamar yadda al'ada ta tanada. Shi ma Kada ya daure ya karɓi shugabancinsu.

"'Ya'yana," in ji Zalɓe a hankali, "ladan nan don baki ɗaya aka yanka shi."

"An tashi zama, Iya," in ji Kada. "An biya miki bukata har da ƙari."

Ta koma wurinta ta tsaya kan ƙafa ɗaya. Ba ta gani sosai, amma tana jin ruwa yana fantsama ta ko'ina. Ta daina cin rabonta ko za a rage ɓarna. Wani ya riƙa karɓar mata.

Da damina ta sauka, ta shiga ruwa ta tsaya tana jiran 'ya'yan kifi su zo su tsattsakuri ƙafarta, kamar kowace shekara. Ta daɗe a tsaye. Ba abin da ya taɓa ta sai ganye.

Majalisa ta zauna ta yaba wa masu gadi. Kuma sun cancanta, don bana ba a saci kifi ko ɗaya ba.