Yadda Za Ka Ɓoye Roba a Ƙarƙashin Takalmin Kakanni

Kana son gurbi a jirgin katakon da ƙungiyarku ta masu kwaikwayon mayaƙan Viking na zamanin dā za ta tuƙa zuwa Norway bana? Ka san sharaɗin: duk wanda aka kama da kayan zamani a jikinsa ranar wasan yaƙi, a gaɓar teku za a bar shi yana ɗaga hannu. Bi matakan nan, ba mai kama ka. Asger Bruun, direban bas a birnin Aarhus, shi ya gwada su, kuma huɗu daga ciki sun yi aiki.

1. Ɗinka da gaskiya.
Ka zana ƙafarka da yamma, lokacin da ta kumbura. Ka yanka fatar akuya, ka ɗinke ta a bai-bai da zare mai kakin zuma, ka jiƙa, ka juyo ta. Ka sa ta a jiƙe har ta bushe a ƙafarka. Mako uku Asger ya yi a kan nasa takalman, suka zauna masa cif. Ƙarya mai ɗorewa sai an yi mata rufi da gumi.

2. Zame sau ɗaya, ka yi hankali.
Fata da jiƙaƙƙiyar ciyawa ba sa shiri, ruwan sama kuwa a ƙasar nan ba ya zuwa hutu. Asger ya sha ƙasa sau biyar a atisaye guda. Ya koma gida ya yanko tsohuwar tayar keke ya manna a ƙasan takalman da gam. Kakanni ma da sun samu da sun manna.

3. Tsaya a taɓo.
Bodil ce mai duba kaya, tsohuwar malamar makaranta da ke sansana zare ta faɗi shagon da aka saye shi. Asger ya nutsa ƙafa cikin laka kafin ta iso.

“Ɗinkin ya yi kyau, ɗana. Ɗaga in ga ƙasan.”

“Gwiwata ce, Bodil. Likita ya hana.”

“Likitan da ya ce ka je yaƙi?” Ta rubuta wani abu, ta wuce.

4. Kada ka mutu.
Nan ne wahalar. Gawa kwanciya take yi, tafin ƙafarta na kallon 'yan kallo, ga Bodil zaune a layin gaba. A tsarin wasa Asger ne zai fara faɗuwa. Ejvind, likitan haƙori mai riƙe da gatari, ya doke shi a kafaɗa. Asger ya tsaya ƙyam.

“Ka mutu, malam,” in ji Ejvind ta cikin gemu.

“Ƙwarzane ne kawai.”

“Sau uku fa ke nan. Miyar kifina na can tana hucewa.”

“To ka mutu kai, ka je ka sha.”

Mashi ya sami Asger, takobi ya same shi, ga shi ba ya zamewa alhali kowa na zamewa. 'Yan ɓangarensa duk sun zube, saura shi kaɗai a gaban mutum goma sha biyu. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi.

5. In ta kama dole, mutu a durƙushe.
Asger ya durƙusa ya zauna a kan dugadugansa, ya sunkuyar da kai, robar ta ɓuya tsaf. Dabara ce mai kyau. Abin da ya manta shi ne irin karramawar da ake yi wa jarumi. Shugaban wasa ya share hawaye ya ba da umarni, ƙarti shida suka ɗora shi a kan garkuwoyi, suka saɓa a kafaɗa, suka ratsa taron da shi, ƙafafu a gaba.

“Ku juya ni, kai a gaba,” in ji gawar.

“Yi shiru, ana ɗaukar hoto,” in ji ɗaya daga cikin ƙartin.

Suka tsaya daidai gaban Bodil. Ta gyara tabarau, ta sa farce ta kankare lakar, ta daɗe tana kallon zanen tayar.

“Ta gaba ce ko ta baya, ɗana?”

Ranar Litinin jirgi ya tashi, Ejvind na zaune a gurbin. An ba Asger matsayin bawa a wasan baɗi, tunda bayi ba sa saka takalmi.

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai san ka ba, bai ba ka gam ba, bai kuma ce ka burge kowa ba. Duk wanda aka ɗauka a kan garkuwa, shi da ƙafafunsa.