Kujerar Kafitan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jirgin sama ya fara sauka garinmu, kusa da Filinge, ba. Ni tsohon sojan Faransi ne, na cika gari da cewa ba wanda ya fi ni sanin Nasara. Shi ya sa maigari ya janyo ni gefe, ya ce in nuna masa babbansu, don a ba shi kujera da rago. Ya gargaɗe ni cewa in muka kuskure, aikin tilas zai hau kanmu, ga gero ya isa yanka.

Nasara biyu suka fito. Dogon shi ya tuƙo jirgin, yana tafe yana taƙama. Gajeren kuwa, dunƙule cikin ƙatuwar riga, ya durƙusa yana ta kwarara amai.

To, a jirgin ruwan da ya kai mu yaƙi, mai jirgi ake kira kafitan, manyan soja ma ba sa yi masa musu. Na ce ai jirgi jirgi ne. Na ƙame, na sara wa dogon, na ce, “Kafitan!” Na zaunar da shi a kujera. Gajeren na ɗauka yaronsa ne, sai na miƙa masa igiyar ragon ya riƙe (har da nuna masa inda zai ɗaure, don kaina ya gama kwancewa).

Da zafi ya ishi gajeren, ya tuɓe rigar. Sai ga galo uku, alamar muƙamin kafitan, a jikin kakinsa suna walƙiya! Dogon, wanda ashe sarjan ne, ƙaramin soja, ya bushe da dariya bai ko tashi ba.

Maigari ya dube ni. “Kai, wanga ne sanin Nasaran da kaka hwaɗi?”

Kafitan bai yi faɗa ba. Ya ce wurin ya dace da saukar jirgi, a share shi. Gonata ce a wurin. Da hannuna na sare gerona, mutanen gari na tayawa suna tsine mini.

Har yau abin na ci mini rai. Mutum ya ɗauko ka cikin iska, ranka na hannunsa, kana amai, amma kai ne kafitan? Duk da haka na ɗauki darasi: yanzu ko jaki aka ce in faɗi mai shi, sai na jira kowa ya tuɓe riga.